Gigin Tsufa a Karkara: Tsakanin Mutanen Gida da Malamin Asibiti

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san irin shirun da gida kan yi da hantsin damina. Maza sun tafi gona, yara wasu sun bi su, wasu suna makaranta, ba kowa a tsakar gida sai matan aure da tsofaffi. A ɗauki misalin wata tsohuwa mai shekara 75, wadda a irin wannan lokaci takan fito daga ɗakinta da ƙullin kaya a ka, ta nufi zaure. Matar ɗanta ta bar tukunya a kan murhu ta tare ta, ta ce, "Inna, ina zuwa haka da rana?" Sai ta ce gida za ta, mahaifiyarta na jiranta. Mahaifiyar nan kuwa ta yi shekara 40 da rasuwa, gidan da take nufi kuma tun ranar da aka kai ta ɗakin miji ta bar shi. Jiya ta ce an sace mata kuɗin da ta ɗaure a bakin zane, aka same su a cikin kwanon tuwo. Shekaranjiya ta gama cin abinci, ko hannu ba ta wanke ba ta ce tun safe ba wanda ya ba ta ko ruwa.

Idan aka tambayi mutanen gidan abin da ke damun Inna, amsarsu ɗaya ce: tsufa ne. Idan kuma aka ɗora ta a kan babur aka kai ta ɗakin shan magani, mai yiwuwa malamin asibiti ya duba ta, ya ba ta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, sa'an nan ya dubi ɗan nata ya ce, "Ai tsufa ne, sai haƙuri." Wato da iyalin da ma'aikacin lafiya sun haɗu a kan kalma ɗaya. Wannan kalma tana da alheri, domin saboda ita ne ake riƙe tsohuwar a gida cikin 'ya'ya da jikoki, ba a ƙyamace ta ba. Tana kuma da illa, domin da zarar an furta ta an rufe ƙofar bincike, an bar cuta tana cin jiki, an kuma bar mai jinya da kaya ita kaɗai.

Mene ne gigin tsufa?

Abin da Hausawa ke kira gigin tsufa, ko ruɗewar tsufa, ko ciwon mantuwa, shi ne likitoci ke kira dimenshiya. Suna ne da ya tattara cututtuka da dama waɗanda ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya kasa gudanar da al'amuransa na yau da kullum. Mantuwa ita ce alamar da aka fi sani, amma akwai wasu: ɓacewar kalmomi a baki, ɓatan hanya a unguwar da mutum ya yi shekara da shekaru, kasa lissafin kuɗi, rikicewar raka'o'in salla, zargin mutane ba dalili, da canjin hali, inda mai kunya kan koma mai ɓarin baki, ko mai fara'a ya koma shiru-shiru.

Wajibi ne a bambanta wannan da mantuwar da shekaru kan kawo. Dattijo mai lafiya yana iya manta inda ya ajiye carbinsa, ko sunan wani jikansa ya kwanta masa na ɗan lokaci, amma daga baya zai tuna, kuma yana nan yana sasanta rikicin gona, yana ba da shawara a kan aure. Mai gigin tsufa kuwa yana iya riƙe carbin a hannu ya rasa abin da ake yi da shi. Mafi yawan mutanen da suka kai shekara 70, har ma 80, ba sa kamuwa da wannan cuta. Yawan shekaru yana ƙara haɗarin kamuwa, amma ba shi ne cutar ba, kamar yadda damina ke ƙara yawan zazzaɓin cizon sauro ba tare da ita ce zazzaɓin ba.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ƙunshe da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa da take miƙawa zuwa ga 'yan'uwanta, kuma a mahaɗar rassan ne saƙo ke tsallakawa ta hanyar wasu sinadarai. Tunani da magana da gane fuskar ɗa duk sun dogara ne ga lafiyar waɗannan mahaɗai.

A shekarar 1901 aka kawo wata mata mai shekara 51 asibitin masu taɓin hankali da ke birnin Frankfurt a Jamus, tana fama da mantuwa da ruɗewa da zargin mijinta. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya bi sawun ciwonta har ta rasu a 1906. Da ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita sai ya ga abubuwa biyu: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zarurruka da suka cukuikuye a cikin ƙwayoyin. Daga baya masana suka gano cewa dunƙulen na wani furotin ne mai suna amiloyid, zarurrukan kuwa na wani furotin ne mai suna tawu. Cutar da ta ci sunan wannan likita ita ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na gigin tsufa a duniya.

Galibi ɓarnar takan fara ne daga wani ɗan sashe da ke can ciki ta wajen gefen kai, mai suna hifokamfus, da kewayensa. Aikin wannan sashe shi ne karɓar sabon abin da ya faru ya shirya shi domin ajiya. Ana iya kwatanta shi da mai zuba hatsi a rumbu: idan ya gaza, hatsin bara da na bariya suna nan a ciki, amma na bana ba mai zuba shi. Wannan ne ya sa Inna ke iya ba da labarin bikinta dalla-dalla, har da waɗanda suka yi mata rakiya, amma ba ta tuna ta ci tuwo ɗazu. Mutanen gida sukan ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa da gangan take yi, suna cewa wanda ya tuna abin shekara 60 yaya zai manta na ɗazu. Ilmin halittu ya nuna cewa haka cutar take tafiya.

Nau'i na biyu a yawa shi ne wanda ke zuwa ta hanyoyin jini. Hawan jini da ciwon sukari da ba a kula da su ba sukan lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, sai wasu sassa su mutu saboda rashin jini, wani lokaci bayan shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci kuma a ɓoye. Akwai kuma nau'in da ke sa mutum ya riƙa ganin mutane ko dabbobin da babu su, da wanda ke fara taɓa hali da kunya kafin ya taɓa tunani.

Yawan masu fama da ita

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da wannan cuta a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A kowace shekara ana samun sababbin kamu kusan miliyan 10. Wani rahoto na ƙungiyar duniya mai kula da cutar Alzheimer ya sa adadin na ƙasashen Afirka kudu da Sahara a kan miliyan 2.13 a 2015, ya kuma yi hasashen zai kai miliyan 7.62 a 2050.

Nijeriya tana da suna a tarihin binciken wannan cuta. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Farfesa Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana a Amurka suka fara wani dogon bincike, inda suka gwama tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka na birnin Indiyanafolis, 'yan shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da suka buga a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, da kashi 8.24 a Indiyanafolis. Wani binciken da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan mutum 3 cikin 100. A gundumar Hai da ke karkarar Tanzaniya, a gindin dutsen Kilimanjaro, an sami kashi 6.4 a tsakanin 'yan shekara 70 zuwa sama. Kada ƙanƙantar alƙaluman Nijeriya ta ruɗi mai karatu. Jama'a na ƙaruwa, masu kaiwa ga tsufa na ƙaruwa, kuma wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna cewa masu cutar a Nijeriya sun tashi daga kimanin dubu 64 a 1995 zuwa kimanin dubu 318 a 2015.

Yadda mutanen gida ke kallon lamarin

Ana iya kasa fahimtar iyalan karkara gida uku. Ta farko, kuma mafi yawa, ita ce wadda aka ambata: tsufa ne, an koma yarinta. Wannan fahimta tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarbiyyar biyayya ga iyaye da neman albarkarsu. A ƙasar Hausa abin kunya ne a ce ɗa ya kai uwarsa wani gida a riƙe masa ita. Saboda haka tsohuwa takan ci gaba da kwana a ɗakinta, tana jin kiran sallar da ta saba ji, tana ganin fuskokin da ta sani. Masana sun tabbatar cewa zama a muhallin da aka saba yana rage ruɗewar mai wannan cuta. Ke nan gidan ƙauye yana ba da wani abu mai tsada wanda ƙasashen da suka ci gaba ke kashe maƙudan kuɗi wajen nema. Inda gizo ke saƙa shi ne, wanda ya gaskata cewa tsufa ne ba ya ganin dalilin ɓata kuɗin mota zuwa asibiti.

Fahimta ta biyu takan taso ne idan hali ya canza. Tsohuwa ta fara magana da mutanen da ba a gani, ko ta tuɓe zane a gaban surukai, ko ta riƙa fita cikin dare. Nan sai a ce iskoki ne, ko sammu, ko hauka. Abin da ke ƙara wa wannan zato ƙarfi shi ne, masu gigin tsufa da yawa ruɗewarsu takan tsananta ne da yamma, gab da magariba, lokacin da al'ada ta ce aljanu ke yawo. Likitoci sun san wannan alama sarai, suna danganta ta da gajiya, da raguwar haske, da lalacewar agogon jiki mai tsara barci da farkawa. Iyali kuwa sukan nufi wajen malami ko boka, a yi rubutu da hayaƙi da ruƙiyya. Addu'a tana kwantar da hankalin majinyaci da na iyalinsa, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Abin gudu shi ne duka, da ɗauri da mari, da kulle tsoho a ɗaki mai duhu, domin tsoro yana ƙara ruɗewa, ɗauri kuma yana kawo gyambo da sanƙarewar gaɓoɓi.

Fahimta ta uku ita ce mafi haɗari, wato zargin maita. Tsohuwar da aka tsinta tana yawo da asuba a bayan gari, ba ta san sunanta ba, aka matsa mata da tambaya, tana iya amsa duk laifin da aka ɗora mata, domin ba ta fahimci tambayar ba. A arewacin Gana akwai matsugunai kamar na Gambaga da Kukuo inda matan da aka kora daga garuruwansu bisa zargin maita ke fakewa, akasarinsu tsofaffi, kuma masu aikin lafiya sun daɗe suna jan hankali cewa alamun gigin tsufa da na taɓin hankali suna cikin abubuwan da ke jawo wa mata irin wannan zargi. A irin wannan hali rashin sanin sunan cuta yana iya zama sanadin rasa rai.

Wa ke ɗauke da kayan?

Akan ce iyali ne ke jinya, amma idan aka leƙa cikin gida za a tarar mutum ɗaya ce: matar ɗa, ko 'ya da aurenta ya mutu, ko jika budurwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne ke ba da kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu wannan cuta, kuma a 2019 masu jinya a gida suna kashe kimanin sa'a 5 a kowace rana a kan aikin. A ƙauye ana ɗora wannan ne a kan ɗiban ruwa da surfe da girki da reno. Idan cuta ta yi nisa sai an yi wa majinyaciya wanka, an ba ta abinci a baki, an wanke shimfiɗar da ta ɓata, an kuma kwana da ido ɗaya saboda kada ta fita.

Matsayin matar ɗa ya fi kowanne wuya. Tsakaninta da uwar miji akwai kunya, ga shi kuma ita ce ke kama ta zuwa banɗaki. Ita ce kuma ta fi kusa, saboda haka ita ake zargi da satar kuɗi da hana abinci. Idan maigida ya dawo daga gona ko daga cin rani, uwarsa ta ce masa ba a ba ta abinci, kuma bai san cewa wannan alamar cuta ce ba, to, aure na iya girgiza. Ita kuma ba ta da bakin kuka, domin duk wadda ta ce ta gaji da uwar miji ta jawo wa kanta magana. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa masu irin wannan jinya sun fi sauran jama'a fama da ciwon damuwa da rashin barci. Idan kuwa jika ce aka ɗora wa aikin, abin da ke fara salwanta shi ne karatunta. Malamin da ya ga ɗalibarsa mai ƙoƙari ta fara fashi da gyangyaɗi a aji, yana da kyau ya tambayi halin da ake ciki a gida kafin ya ɗauki bulala.

Yadda ma'aikatan lafiya ke kallon lamarin

Mai karatu zai zaci cewa a asibiti fahimtar ta sha bamban. A wani bincike na duniya da ƙungiyar nan mai kula da cutar Alzheimer ta buga a 2019, kashi 62 cikin 100 na ma'aikatan lafiyar da aka tambaya sun ɗauka cewa gigin tsufa wani ɓangare ne na tsufa kawai. Da aka maimaita binciken a 2024 adadin ya zama kashi 65, na sauran jama'a kuwa kashi 80. Wannan bincike ya haɗa har da ƙasashe masu manyan asibitoci.

Ba adalci ba ne a ɗora wa malamin asibitin ƙauye laifi ba tare da an duba halin da yake ciki ba. Horon da ya samu ya fi ƙarfi a kan zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da awon ciki, da allurar rigakafi, domin su ne ke kashe mata da yara. Layi yana da tsawo, shi kaɗai ne ko su biyu, gano gigin tsufa kuwa yana bukatar zama da majinyaci da wanda ya san shi a yi doguwar hira. Gwaje-gwajen tunani da aka tsara a Turai suna bukatar karatu da rubutu, saboda haka ba su dace da tsohon da bai yi boko ba. In ma ya gane cutar, ina zai tura su? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya, bisa ƙididdigar ƙungiyarsu a 2022, ba su kai 300 ba ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu suna birane. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau suna da nisa daga ƙauyuka da yawa, ga kuma sunan "asibitin mahaukata" da ke sa iyali su ja da baya. Daga nan sai ma'aikaci ya yanke cewa tun da ba magani, ba amfanin faɗa.

A nan ne kuskuren yake. Gaskiya ne har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzheimer ba. Magunguna irin su donefezil, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996, sassauta alamu kawai suke yi na wani lokaci, sababbin alluran da aka amince da su a can a 2023 da 2024 kuwa suna ɗan rage saurin cutar ne a matakin farko, ga tsada, ga bukatar na'urorin da babu su a karkara. To amma ba duk tsohon da ya ruɗe ne ke da gigin tsufa ba. Ƙarancin bitamin B12, da raunin aikin ƙullin maƙogwaro mai suna tayirod, da ciwon damuwa, da taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, da illar wasu magungunan barci da ake saye a kemis, duk suna iya kama da ita, kuma ana maganinsu. Haka nan tsohon da jiya lafiya lau yake, yau ya wayi gari a ruɗe, wannan alama ce ta ciwo mai bukatar gaggawa, kamar zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko faɗuwar sukari. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Duk lokacin da aka sallami irin wannan majinyaci da kalmar "tsufa ne", ana iya rasa ran da kwalbar ruwa da 'yan ƙwayoyi za su ceta.

Inda ɓangarorin biyu za su haɗu

Haɗa hannun asibiti da iyali ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa karɓar magani da rana. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Tsarin ya yi suna a duniya domin ya nuna cewa majinyaci ya fi samun sauƙi a cikin mutanensa.

A 1991 Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani littafin jagora domin ma'aikatan da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba, wanda ke da babi a kan gigin tsufa. A farkon 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Bugu da ƙari, masu bincike a Hai ta Tanzaniya da Lalupon kusa da Ibadan sun tsara gwajin tunani wanda ba ya bukatar karatu da rubutu, sun kuma jarraba wata hanyar motsa ƙwaƙwalwa, inda ake tara tsofaffi 'yan kaɗan sau biyu a mako har mako 7, ana hira da waƙa da wasanni da tuna da. Ba ta bukatar wutar lantarki ko magani, inuwar bishiya da tabarma sun isa. Kayan aikin suna nan a rubuce, sauran su isa ɗakin shan magani na ƙauye cikin harshen da ma'aikaci da iyali ke ji.

Malaman addini ma suna da rawar takawa, tun da su ake fara zuwa wa. Alƙur'ani mai girma ya ambaci matakin rayuwar da sani ke gushewa a Suratun Nahli da Suratul Hajji, malaman fiƙihu kuma sun yi ittifaƙi cewa hankali sharaɗi ne na wajabcin ibada. Limamin da ya gaya wa iyali cewa tsohonsu ba shi da laifi in ya rikita salla ko ya sha ruwa da azumi, kuma ya ce su kai shi a duba shi, ya sauke musu nauyi biyu a lokaci ɗaya.

Abin da gida zai iya yi

Ko da babu magani, akwai dabarun da ke sauƙaƙa zama. Kada a yi gardama da mai gigin tsufa. Idan Inna ta ce za ta wajen mahaifiyarta, gaya mata cewa ta rasu zai sa ta yi sabon kuka kamar yau aka yi rasuwar, kuma an jima za ta sake tambaya. Ya fi kyau jika ya ce, "Kaka, zauna ki sha fura rana ta yi sanyi, ki ba ni labarin garinku." A riƙa yi mata magana a hankali, da gajerun jimloli, ana kallon fuskarta. A tsayar da lokacin abinci da wanka da barci, kada a riƙa canza mata ɗaki. A kunna fitila tun kafin duhu ya shiga. A rufe rijiya, a kawar da ashana da maganin ƙwari da wuƙa. A sanar da maƙwabta da mai unguwa, domin in an gan ta a hanya a dawo da ita cikin mutunci. A bar ta ta yi ɗan aikin da hannunta ya saba, kamar ɓarar gyaɗa ko tsince wake. Sa'an nan a raba jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka 'ya'ya maza da na birni su ɗauki rabonsu, da jiki ko da aljihu, a ba mai jinya ranar hutu.

Akwai kuma rigakafi. Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa. Daga cikinsu akwai hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, da buguwar kai, da gurɓatar iska, da kaɗaici, da ƙarancin ilmi tun ƙuruciya. Ke nan awon jini a kai a kai, da aikin yanar ido, da sanya hular kwano a kan babur, da barin yarinya ta gama makaranta, duk suna cikin kare ƙwaƙwalwa.

Kammalawa

Gidan ƙauye yana da haƙuri da zumunci da girmama na gaba, malamin asibiti kuma yana da abin awon jini da damar tura majinyaci gaba. Abin da ya rage musu duka shi ne su san cewa abin da ke damun Inna cuta ce mai suna, wadda ke da sanadi a cikin ƙwaƙwalwa. A ƙauyuka da yawa ɗalibin sakandare shi ne mutum na farko a gidansu da ya ga hoton ƙwaƙwalwa a littafi, malaminsa na kimiyya kuma mutum ne da ake jin maganarsa a gari. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan cuta a duniya, kuma dama ce ga makarantu su ware darasi ɗaya a kanta. Ɗalibin da ya koma gida ya bayyana wa mahaifinsa dalilin da ya sa Kaka ke cewa ba a ba ta abinci, ya wanke mahaifiyarsa daga zargi, ya kuma nemi a kai Kaka a auna jininta, ya ci moriyar darasinsa tun kafin ranar jarrabawa.